Samaru da Selly Oak duk kanwar ja ce, sai a maganar makarantar yara

Jiya da daddare Yaya ya kira ni ta WhatsApp akan maganar zauren gidanmu na Samaru, wai magini yazo ya auna yace in aka rushe zauren da ɗakin marigayiya Inna za'a fitar da sefkon guda huɗu ras, kuma tun ba'a zuba fandisho ba har an samu ɗaliban da suka ce a riƙe masu. Nace mashi Yaya bari in yi tunani tukuna, yace tunanin me kuma, kai da kake zaune a Turai ai ka fi kowa sanin darajar haya. Abin ya bani dariya amma ya tsaya mani a rai, domin kwana uku kafin nan ina zaune a wani ɗakin taro na unguwarmu nan Birmingham ina ɗaga hannu tare da tsofaffin Turawa muna cewa bamu yarda a ƙara gina ma ɗalibai ko ɗaki ɗaya ba.

Ga wanda bai san wurin ba, Selly Oak unguwa ce a kudu maso yammacin Birmingham, tana jikin Jami'ar Birmingham kamar dai yadda Samaru take jikin ABU, titi kawai zaka tsallaka ka shiga makaranta. Mu can titin Sakkwato ne ya raba mu da jami'a, su nan Bristol Road ce. Nazo 2017 yin masta, kuma ɗakin farko da na kama yana ɓangaren da ake kira Bournbrook, wajen su Heeley Road da Tiverton Road da Dawlish Road, layuka ne dogaye na gidajen jan bulo manne da juna waɗanda aka gina ma ma'aikatan masana'antu sama da shekara ɗari da suka wuce. Gidan da na zauna asalinshi na iyali ɗaya ne mai ɗakin kwana uku, amma mu bakwai ne a ciki, an maida falo ɗaki, an fasa rufi an yi biyu a sama, an cinye rabin lambun baya an ƙara wasu, firij ɗaya muke rabawa kowa da shelf ɗinshi kuma kullum sai an yi faɗan wanda ya sha madarar wani. Irin wannan gida su HMO suke ce mashi, wato gidan da mutum uku ko fiye waɗanda ba dangin juna ba suke zaune suna haɗa kicin da banɗaki.

Lissafin a fili yake ba sai ka yi boko ba. A ce iyali zasu biya ka fam dubu da ɗari biyu a wata, a shekara bai kai dubu goma sha biyar ba. A ce kuma ka yanka gidan shida, kowane ɗalibi fam ɗari a sati, a shekara ka haura dubu talatin. Misali kawai na bayar amma haka abin yake tafiya, toh wane mai gida ne zai ga wannan ya ba iyali? Kuma in tsohon da ke gidan ya mutu 'ya'yanshi suka sa a kasuwa, sabon ango da amaryarshi da suke neman bashin banki ba zasu iya ja da mai kuɗin hayar da ya riga ya mallaki gida ashirin a layin ba. A haka layi guda yake juyewa, gida ɗaya bayan ɗaya, ba katafila ba komai.

Yanzu da na yi iyali na koma ɗan nesa kaɗan, gefen da har yanzu akwai sauran 'yan asalin wurin, sai na fara jin abin ta ɗaya kunnen. Maƙwabciyarmu wata tsohuwar baturiya ce, yarana Kaka suke ce mata kuma tana amsawa, a layin aka haife ta mahaifinta a masana'anta ya yi aiki har ya yi ritaya. Ita bata ce ɗalibai mugaye bane, hasali ma su suke ɗauko mata kaya in ta dawo daga kanti. Kukanta shine duk shekara sai ta koyi sababbin fuskoki, daidai lokacin da ta riƙe sunan yaro sai ya tattara ya tafi. Ƙarshen watan Yuni haya take ƙarewa, farkon Yuli sababbi su shigo, a tsakanin nan zaka ga katifu da tukwane da baƙaƙen ledojin shara jibge a bakin titi kamar an yi gudun hijira, a 2025 da masu kwasar shara na birnin suka shiga yajin aikin gaba ɗaya tun daga watan Maris kuwa abin ba'a cewa komai, wallahi na ga ɓeran da sai da na tuna gafiyar bayan kasuwar Samaru. Sannan in an yi hutun bazara unguwa ta mutu murus, shaguna su rage lokacin buɗewa, ɓarayi kuma sun san gidajen da babu kowa. Wani abin da yake ci masu rai shine gidan da duk mazaunanshi ɗalibai ne baya biyan harajin gida da kowa yake biya ma majalisar birni, ita kuma majalisar tun Satumban 2023 ta fito ta ce asusunta ya kasa ɗaukarta, toh tsohuwa mai fansho tana biya, gida bakwai a gefenta basa biya kuma su suka fi tara bola, kaga dole ta yi ƙorafi.

Doka tazo amma ihu ne bayan hari. A ƙarshen 2014 majalisar birni ta sa wata ƙa'ida da suke kira Article 4 a wasu sassan Selly Oak da Harborne da Edgbaston, wadda ta ce kafin ka maida gidan iyali HMO sai ka nemi izini, a watan Yunin 2020 aka faɗaɗa ta ta game birnin gaba ɗaya. Ma'aunin da suke amfani dashi shine kada irin waɗannan gidaje su wuce kashi goma cikin ɗari na gidajen da ke cikin mita ɗari daga gidan da ake nema ma izinin. Yana da kyau a takarda. Amma dokar bata komawa baya, layin da ya riga ya tafi ya tafi.

Sai kuma maganar gyaran unguwa, wanda anan ne nake ganin ra'ayin mutane ya rabu gida biyu. Tsohon asibitin Selly Oak an rufe shi bayan an buɗe sabon asibitin Queen Elizabeth a 2010, filin aka yanka aka yi gidajen zama, wannan kam kusan kowa ya yi na'am duk da kuɗin gidajen ba na talaka bane. Akwai kuma makeken filin tsohuwar masana'antar ƙarfe da ake kira Battery, ya daɗe a yashe ƙasar duk guba, aka zo aka wanke shi aka gina manyan kantuna, kantin Sainsbury's ta taso daga tsohon wurinta ta tare can a ƙarshen 2018, a gefen ruwa kuma aka dasa dogon bene na ɗalibai. Wasu suka ce alhamdulillahi ko ba komai an raba mu da kango, wasu kuma suka ce kantunan an yi su ne don mai mota, an juya ma tsohon titin kasuwa baya, ƙananan shagunan da suka sani duk sun koma wurin saida kaza da fiza da ofisoshin dillalan haya. Filin da Sainsbury's ɗin ta tashi ta bari shima an yi ta kai ruwa rana akanshi shekara da shekaru, kuma abin da masu kuɗi suke so su gina a wurin bai wuce ɗakunan ɗalibai ba.

Hujjar masu gina benayen kullum ɗaya ce, wai in aka tara ɗalibai a bene zasu saki gidajen layi iyalai su dawo. Ni dai shekara takwas ina kallo ban ga iyalan sun dawo ba. Ɗakin bene tsada gare shi, 'ya'yan masu hali ne da ɗaliban ƙasashen waje da iyayensu suka biya tun daga gida suke shiga, ɗan Ingila da ya gama shekarar farko burinshi ya haɗu da abokanshi biyar su kama gida a Bournbrook inda babu maigadi babu mai ce masu ku rage kiɗa. Namu 'yan Najeriya kuwa da yawa da mata da yara suka zo, su ba bene ba kuma ba HMO ba, gidan iyali suke nema wanda shine babu, na sha raka mutane ganin gida mu tarar da layi kamar na mai. Tun da aka saki naira a 2023 sannan daga Janairun 2024 aka hana masu zuwa masta ta shekara ɗaya tahowa da iyali, zuwan namu ya ragu sosai, kowa a masallaci ya lura.

Toh mu dawo gida. Duk abin nan da na lissafa wanne ne babu a Samaru? ABU tun 1962 take, kuma hostal bai taɓa isa ba tun muna yara, su Suleiman da Amina da Ribadu da Danfodio an cika su har da 'yan raɓe, Dangote ya zo ya gina mai gado 2,160 aka buɗe a 2019 aka yi ta murna amma kamar ka zuba ruwa a rairayi ne. Sauran duk ofke suke, wato haya a wajen makaranta, Samaru, Hayin Dogo, Danraka, Palladan, Zango, har Bomo. Gidajen da na sani da zaure da tsakar gida da bishiyar mangwaro da rijiya yanzu in ka leƙa wani siririn lungu ne da ƙofofin ƙarfe hagu da dama, kowace ƙofa da lamba, an haƙa bohol nan an haƙa sokawe taku biyar daga wurin, ruwan wanka yana bin layi domin ba wanda ya bar ma kwata hanya. Malamin firamare ko ƙaramin ma'aikaci mai mata da 'ya'ya huɗu in ya je neman ciki da falo sai a ce mashi ai na ɗalibai ne, domin ɗalibi yana biyan shekara cif a dunƙule kuma baya zuwa da suruka. Mutuwar unguwa lokacin hutu ma mun fi su saninta, yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya yi daga Fabrairu zuwa Oktoba, ku tambayi masu shayi da masu awara da 'yan acaba da masu fotokwafi na bakin get yadda suka ji a jikinsu.

Bambanci na farko da kowa zai fara kawowa shine su ana tambayarsu mu ba'a tambayarmu. Gaskiya ne. Anan in maƙwabcinka zai yi gini sai wasiƙa ta shigo ta ƙofa ko a manna takarda jikin falwaya, a baka kwana 21 ka rubuta ra'ayinka, zanen ginin yana intanet kowa ya gani, in abin babba ne kansiloli su zauna a bainar jama'a su jefa ƙuri'a. Mu kuwa jan fenti ne wasiƙar. Mutanen unguwar Graceland a Zariya cikin dare katafila ta same su a watan Oktoban 2021, gidaje sama da ɗari suka kwanta, gwamnati tace filin kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ne, su kuma suna cewa suna da takardunsu. Ko wa ke da gaskiya, yaro dai ya kwanta a ɗaki ya tashi a fili.

Amma kada wani ya ɗauka wasiƙar nan aljanna ce. Kaka ta nuna mani wani fayil cike da takardun ƙin amincewa da ta rubuta tun kafin in zo ƙasar, nace nawa kika ci, ta yi dariya ta ɗaga yatsu biyu. In kansiloli suka hana mai gini yana da damar ɗaukaka ƙara wurin sufeton gwamnatin tsakiya ya zo da lauyoyinshi, in kuma aka bashi izini ku mazauna baku da irin wannan damar, sai dai ku tafi babbar kotu in kuna da kuɗin. Sau da yawa abin da ake samu bai wuce a rage hawa ɗaya ko a ƙara wurin aje keke ba. Don haka ni ban ɗauki wannan a matsayin babban bambancin ba.

Inda na ga mun rabu da gaske shine makaranta, kuma sai da na zo neman ma babbar 'yata firamare na gane. Anan adireshinka shine makarantar ɗanka. Kana cike fom kafin 15 ga Janairu, 16 ga Afrilu a gaya maka inda aka ba yaro, in masu nema sun fi kujeru yawa sai a fara da yaran da ke hannun hukuma da masu yayye a makarantar sannan a ɗauko ma'auni a auna daga gidanka zuwa makaranta, wanda ya fi kusa shi ya ci, kuma ajin ƙananan yara baya wuce talatin bisa doka. Shi yasa kafin bature ya kama gida sai ya fara karanta rahoton Ofsted, masu duba makarantu, da can kalma ɗaya suke yanke ma makaranta ko ta yi fice ko tana da kyau ko tana buƙatar gyara ko ta gaza, a Satumban 2024 aka daina wannan hukuncin na dunƙule amma iyaye basu daina bin rahoton layi layi ba. Kuɗin da gwamnati ke ba makaranta kuma bisa kan yara ne. Kaga kenan duk gidan da ya koma na ɗalibai, an rasa yara biyu ko uku da zasu zauna a aji, kuɗi ya ragu, a rage mataimakiyar malama, iyayen da ke da hali su ga haka su tattara su koma Bournville ko Harborne, gidan da suka bari mai kuɗin haya ya saye. A taron da na je rabin masu magana ba hayaniyar ɗalibai ta kawo su ba, wannan zagayen ne yake basu tsoro, wata mata likita ce wani direban bas ne kuma 'ya'yansu aji ɗaya suke, shi yasa bakinsu ya zo ɗaya.

Ita kanta jami'ar ta buɗe sakandare tata a Selly Oak a 2015, kyauta ba jarrabawar shiga, sai ta yi wata dabara, maimakon ta auna daga ƙofarta kawai sai ta ware wani kaso na kujerun ana aunawa daga tashoshin jirgin ƙasa na Small Heath da Hall Green da Jewellery Quarter don yaran wasu unguwanni su samu shiga. Wasu 'yan unguwa har gobe suna jin haushi, wai ga makaranta a bayan gidansu an ba na nesa, ni kuwa abin ya burge ni, ko don Small Heath ɗin can ne muke zuwa sayen nama da doya na san irin yaran da ke wurin.

Mu fa? A Samaru adireshinka bai da alaƙa da makarantar ɗanka, aljihunka ne. Ɗan lakcara yana Staff School daga nan ya wuce Demonstration, ɗan mai shago yana makarantar kuɗi wadda ita ma wani gidan haya ne aka yanka aka sa allo, wanda ya rage a ta gwamnati shine ɗan wanda bai da yadda zai yi. Ni a ta gwamnatin na yi kuma a ajinmu akwai ɗan mai unguwa akwai ɗan wani babban ma'aikacin gidan gona, in rufi ya yaye kafin sati an gyara domin akwai uban da in ya yi magana ana ji. Yanzu duk mai muryar ya cire ɗanshi. Lokacin da gwamnatin El-Rufai ta yi ma malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu a 2017 aka ce 21,780 cikin kusan 33,000 sun faɗi aka sallame su, an yi ta cacar baki a rediyo da Facebook, masu cewa daidai ne da masu cewa zalunci ne, amma yawancin mu masu cacar bakin ba mu da ɗa ko ɗaya a waɗannan azuzuwan, shi yasa da ƙura ta lafa ba wanda ya koma ya leƙa ya ga me ake koyarwa. Toh mutumin da makarantar unguwa bata shafe shi ba me zai sa ya damu in layinsu ya koma na ɗalibai? Ko gida nawa aka yanka ɗanshi adaidaita ce zata zo ta ɗauke shi da safe. In abin ya ishe shi ya saida ya koma Hanwa ko GRA.

Akwai kuma wani abu wanda dole in faɗa don adalci. A Selly Oak kuɗin hayar yawanci fita yake, mai gidan yana wata unguwar ko wani garin, benayen kuma na manyan kamfanoni ne. A Samaru kuwa sau da yawa mu ne da kanmu, bazawarar da mijinta ya bar mata gida da ɗaki uku na ɗalibai take ciyar da marayu, ɗan fanshon da aka riƙe ma haƙƙinshi da su yake sayen magani. Ba zan zauna nan cikin hita in ce masu su bari ba. Kuma ɗaliban nan ba aljanu bane, ni ma ɗalibin ne a gidan wani, na san wata tsohuwa a Bournbrook ta taɓa tsaki saboda ƙarar ƙofarmu da asuba in zan fita sallah.

Laifi tudu ne dai. Domin maganar da ban faɗa ba tun farko itace ɗakuna biyun da ke bayan gidan namu, inda Baba yake ɗaure tumaki da, ni na turo kuɗin da aka gina su a 2021 kuma hayarsu ce take biyan kuɗin makarantar 'ya'yan Yaya, makarantar kuɗi. Da na tuna mashi cewa a zauren nan ne aka ɗaura auren kowa a gidan kuma nan yaran layi suke karatun allo da yamma, sai yace mani Malam wane yaran layi, gida nawa ya rage mai yara a layin, ka ƙirga mani. Na fara ƙirgawa da sunan masu gidajen da na sani tun daga bakin masallaci har zuwa gidan mai itace, yana ce mani wannan an saida, wannan magada sun raba, wannan ya koma Kaduna, na tsaya a huɗu. Yace toh siminti dai kullum tashi yake, in zaka turo ka turo kafin ƙarshen wata. Nace mashi zan kira shi ranar Juma'a in Allah ya kai mu.